Jemagen roba da jinin da ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa

Wani matashi da ke koyon ɗaukar hoto da tace fim ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana son shirya gajeren fim na ban tsoro da ɗan abin da ke hannunsa, sai aka ba shi shawara ya je ya kalli tsofaffin fina-finan Amurka na baƙi da fari, na shekarun 1930 da 1940. Ya kalli guda uku a YouTube. A ɗaya ya ga jemagen roba yana lilo a jikin zare, a ɗaya ya ga ƙato sanye da rigar goggon biri, na ukun kuwa mutane ne a tsaye a falo suna ta surutu har aka kama mai kisa. Bai ji tsoro ba, dariya ma ya yi. Shi ne yake tambaya: mene ne abin yabo a nan, su wane ne 'yan wasan da fuskokinsu ke ta maimaituwa, kuma da wanne ya kamata ya fara?

Ƙanena, idonka bai yi maka ƙarya ba. Mafi yawan fina-finan nan ba su da kyau, kuma waɗanda suka yi su sun san haka. Araha ba ta ado. Sai dai a cikin tarin akwai 'yan kaɗan da na daɗe ina nuna wa masu koyon wannan sana'a, domin babu makarantar da ta fi su koya wa mai ƙaramin jari yadda ake tayar wa mutum da tsigar jiki. Amma ba za ka iya tantance aya da tsakuwa ba sai ka san dalilin da ya sa aka yi su tun farko.

Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, mutane suka rage zuwa silima. Masu gidajen kallo suka fito da dabarar nuna fim biyu a tikiti ɗaya, babba mai manyan taurari, da ƙarami da ke raka shi. Ƙaramin shi ake kira fim ɗin B. Ka ɗauke shi kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka bayan ta cika mudu. Babban fim kaso yake samu daga kuɗin tikiti, in ya ci kasuwa kamfani ya kwashi riba. Shi kuwa na B, kuɗin haya tsayayye ake biya, ko gida ya cika maƙil ko kujeru ne kawai ke kallo. To tunda furodusa ya san abin da zai shigo tun kafin a kunna kyamara, hanya ɗaya ta rage masa ta cin riba, ita ce ya matse abin da zai fita. Shi ya sa za ka ga fim ɗin awa ɗaya ne da 'yan mintuna, an ɗauke shi cikin mako guda ko kwana goma.

Manyan kamfanoni irin su Universal da Fox da RKO da Columbia kowanne yana da sashensa na B. A ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan kamfanoni da ake yi wa laƙabi da Poverty Row, wato layin talauci, da yawansu a kewayen titin Gower a Hollywood. Fitattunsu a harkar da kake tambaya su ne Monogram da PRC. A can darakta William Beaudine ya yi aiki, wanda daga baya aka yi wa laƙabin mai ɗauka sau ɗaya, wai ba kasafai yake maimaita fitowa ba. Sam Newfield kuwa yawan fina-finan da yake fitarwa a PRC ya sa har sunayen aro yake sakawa, Sherman Scott da Peter Stewart, don kada a ga mutum ɗaya ne ke yin komai.

Ban tsoro da binciken kisa su suka fi dacewa da irin wannan aljihu. Tsohon gida ɗaya, dare, mutum bakwai ko takwas, gawa guda, ka gama haɗa kaya. Ba ka buƙatar runduna, ba ka buƙatar kasuwa cike da jama'a. Duhu kuma kyauta ne, inda babu haske ba sai ka gina bango ba. Abin da ba su da shi kuwa haya suke yi. Kamfanin Majestic ya ɗauki The Vampire Bat a 1933 a cikin ƙauyen katako da Universal ta gina don nata fina-finan. Haka 'yan'uwan nan biyu, Victor da Edward Halperin, suka yi White Zombie a 1932 cikin kwana 11 da kimanin dala 50,000, a gine-ginen aro.

Tunda na ambaci White Zombie, akwai fitowa ɗaya a ciki da nake so ka nema. A Haiti labarin yake, kuma a lokacin da aka yi shi sojojin Amurka na mamaye da ƙasar, sun shiga 1915 ba su fita ba sai 1934. Wani mai arziki ya je matsar rake da dare don ganin boka. Ma'aikatan matsar gawawwaki ne da aka tayar, suna zagaya suna tura itacen injin, wasu a sama ɗauke da kwandunan rake. Babu kiɗa, babu magana, sai kukan itace yana gurnani. Can sai ɗaya daga cikinsu ya yi tuntuɓe ya faɗa cikin bakin injin. Ba wanda ya waiwaya, injin bai tsaya ba, kukan itacen bai sauya ba. Sauran fim ɗin akwai wasan da zai ba ka dariya, amma wannan minti biyun ya faɗi abin da bauta take, kuma da sauti guda ɗaya aka gina shi.

Bokan nan shi ne Bela Lugosi, kuma na tabbata fuskarsa na cikin waɗanda ka ga suna maimaituwa. An haife shi a 1882 a garin Lugos, a lokacin yana ƙasar Hangari, yau yana Romaniya, kuma daga sunan garin ya ɗauko sunan wasansa. Ɗan wasan dandali ne na gaske a ƙasarsa. Ya shiga gwagwarmayar ƙungiyar 'yan wasa a rikicin siyasar 1919, da gwamnati ta sauya ya gudu, ya bi ta Jamus ya sauka Amurka. Ya taka Dracula, mai shan jinin mutane, a dandalin New York a 1927, sannan a fim ɗin Universal na 1931. Fim ɗin ya kawo wa kamfanin kuɗi masu yawa, shi kuwa dala 500 aka riƙa ba shi a mako, mako bakwai, jimla 3,500. Kamfanin ya ga yana matuƙar son aikin, sai ya saye shi da araha, kuma daga ranar duk garin ya san farashinsa. A 1932 har kotu ya je ya bayyana cewa ya karye. Harshensa mai nauyi, wanda shi ne ya ba Dracula kwarjini, shi ne kuma ya rufe masa ƙofar sauran matsayi.

Daga 1936 zuwa 1938 kasuwar ban tsoro ta mutu murus. Hukumar tace fina-finai ta Ingila ta matsa wa irin waɗannan fina-finai, iyalan Laemmle da suka kafa Universal suka rasa kamfanin, sababbin masu shi suka juya baya ga dodanni. Wani ƙaramin gidan kallo a Los Angeles, Regina, shi ya farfaɗo da harkar a 1938, da ya sake nuna Dracula da Frankenstein tare aka yi ta layi har titi. Universal ta farga ta yi Son of Frankenstein a 1939, inda Lugosi ya fito a Ygor, maƙerin da aka rataye bai mutu ba, wuyansa a karye. A ganina wannan ne mafi kyawun wasansa, ya fi na Dracula. Duk da haka layin talauci ya koma. Ya yi wa Monogram fim tara tsakanin 1941 da 1944 a ƙarƙashin furodusa Sam Katzman.

Jemagen roban da ka gani, ina kyautata zaton The Devil Bat ne na PRC, 1940. Ka koma ka sake kallonsa, wannan karon ka bar jemagen, ka sa ido a kan mutumin. Lugosi ya fito a likitan da ke haɗa wa wani kamfani turare da man shafawa. Masu kamfanin sun yi arziki da basirarsa, shi an sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ya girmar da jemagu da lantarki, ya horar da su su far wa duk wanda ya shafa wani man aski da ya haɗa. Yakan miƙa wa mutum kwalbar da fara'a, ya nuna masa ya shafa a maƙogwaro. Mutumin ya yi masa sai da safe, shi kuwa ya amsa da kalmar ban kwana, a hankali, idonsa a kan wuyan. Labarin shirme ne, jemagen abin dariya ne, amma dattijon nan mai shekara 58 bai raina aikin ba ko na daƙiƙa ɗaya. Duk ɗacin mutumin da wasu suka ci arziki da guminsa yana cikin wannan ban kwanan, kuma ka riga ka ji inda ya san ɗacin. Wannan shi ne abu na farko da ake kallo a fim mai araha. Babu gini, babu kaya, babu kiɗan kirki da ɗan wasa zai ɓuya a bayansu, saboda haka duk abin da yake da shi a fili yake.

Ƙarshensa yana taɓa mini zuciya. Ciwon jijiyar ƙafa ya jefa shi cikin dogaro da allurar kashe zafi, a 1955 da kansa ya kai kansa asibiti ya kuma faɗa wa 'yan jarida, abin da taurarin zamanin ba sa yi. Ya rasu a watan Agusta 1956, aka binne shi da alkyabbar Dracula. Ɗan guntun hoton da darakta Ed Wood ya ɗauke shi kafin rasuwarsa aka cusa a Plan 9 from Outer Space, aka cike sauran da wani mutum da ya fi shi tsawo yana rufe fuska da alkyabba.

Abokin tafiyarsa Boris Karloff ya fi shi sa'a, ya kuma fi shi iya lissafi. Baturen Ingila ne, sunansa na yanka William Henry Pratt, an haife shi 1887. Ya yi fina-finai da dama ba wanda ya san shi, har ya kai shekara 43 kafin Frankenstein na 1931, inda ya fito a dodon, kuma a farkon fim ɗin ko sunansa ba a rubuta ba, alamar tambaya aka saka. Kullum sai ya zauna sa'o'i a gaban mai kwalliya Jack Pierce kafin a fara aiki, ga takalma masu nauyi, ga doguwar rana, har ya samu ciwon bayan da ya bi shi zuwa ƙarshen rayuwa. Wahalar nan na cikin abin da ya sa ya zama ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka a 1933. Shi ma ya yi wa Monogram aiki, amma yana da rediyo, yana da dandali, bai taɓa zama a hannun kamfani ɗaya ba. Ya rasu 1969 yana kan aiki. Sauran fuskokin da za ka yi ta cin karo da su, George Zucco, Lionel Atwill, John Carradine, Lon Chaney ƙarami, Evelyn Ankers, Dwight Frye, mafi yawansu 'yan dandali ne da suka ƙware kafin su zo fim. Da irinsu ne furodusa ke iya ɗaukar fitowa sau ɗaya ya wuce, domin sun zo da haddarsu.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa, tunda fim kake son yi. A 1942 kamfanin RKO na cikin asara bayan fina-finan darakta Orson Welles, ya ga Universal na samun kuɗi da dodanni, sai ya ɗauko wani mutum mai suna Val Lewton ya ba shi sashen ban tsoro. Haifaffen Yalta ne a 1904, an kawo shi Amurka yana yaro, marubuci ne, ya yi shekaru yana duba wa furodusa David O. Selznick labarai. Sharuɗɗa uku aka gindaya masa. Kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai zaɓi sunan fim, shi ya nemo labarin da zai shiga ciki. Sunayen kuwa irin na jan 'yan kallo ne, matar da ke rikiɗa kyanwa, mutumin damisa, na yi tafiya da gawa. Kamfanin dodo yake jira. Lewton ya duba aljihunsa ya ga duk dodon da zai iya ƙerawa da wannan kuɗi dariya za a yi masa, sai ya yanke shawarar ba zai nuna ba. Ya haɗa kai da darakta Jacques Tourneur, da mai kyamara Nicholas Musuraca, da masu tace fim biyu da suka yi aiki da Welles, Mark Robson da Robert Wise, waɗanda daga baya ya mayar da su daraktoci. Fim tara na ban tsoro suka yi daga 1942 zuwa 1946.

Na farkonsu Cat People ne, tare da Simone Simon. Akwai inda wata mata ke tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katangar dutse a New York. Fitilun titi nesa da juna suke, ta shiga haske, ta shiga duhu, ta sake shiga haske. A bayanta ana jin ƙwas ƙwas na takalmin wata. Sai takun ya ɗauke. Ka lura, ba a ƙara komai ba, ragewa aka yi, kuma a nan cikin mai kallo ke ɗurar ruwa. Ta waiwaya, babu kowa. Ta ƙara sauri. Sai wani huci mai ƙarfi ya cika kunne, kamar damisa ta kawo hari, ashe birkin bas ne da ta tsaya a gabanta. Har yau masu sana'ar nan bas ɗin Lewton suke kiran wannan dabara, kuma duk wata firgita ta ƙarya da ka gani a fina-finan zamani jikarta ce. Matakalar gidan da jarumar ke zaune ma aro ce, ragowar ginin da aka yi wa fim ɗin Welles. Fim ɗin ya ci kasuwa ƙwarai, ya taimaka wa RKO ta farfaɗo.

Fitowar da ta fi tsaya mini a rai tana cikin The Leopard Man na 1943. A wani ƙaramin gari a New Mexico, baƙar damisa ta kuɓuce daga hannun masu wasa. Wata uwa ta aiki 'yarta budurwa sayen garin masara da dare, don babu abin da za a ba maigida in ya dawo. Yarinyar ta ce tana tsoro, uwar ta kore ta da tsintsiya ta danna sakata, ta ce kada ta dawo sai da gari. Kantin kusa ya rufe, matar kantin ta ƙi buɗewa. Dole ta tsallaka busasshen rafi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa zuwa ɗaya kantin. Ta sayo. A dawowa ta tsaya a bakin gadar, ruwa na ɗiga, can cikin baƙin duhu idanu biyu suka haska suka ɓace. Jirgi ya ratsa ta samanta da ƙara. Ta fito, ta ɗaga kai, ga damisar a sama. Garin ya zube, ta zura da gudu.

Daga nan kyamara ba ta sake fita waje ba. Muna cikin ɗaki tare da uwar da ƙaninta. Yarinyar na dukan ƙofa tana roƙon a buɗe, uwar na ganin shagwaɓa ce, tana cewa sai ta ga gari. Sai ihun ya sauya, wani abu mai nauyi ya bugi ƙofar, sai shiru. Yanzu uwar ke kokawa da sakatar, sakatar ta cije, yaron ya ɗauko itace yana bugu. Sai ya tsaya ya dubi ƙasa. Jini ne ke biyowa ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, yana bin tsagin daɓen.

Ƙanena, ka lissafa abin da aka kashe a wannan ƙarshen. Ƙofa ɗaya, sakata, 'yan wasa biyu, murya a waje, da ruwa mai duhu cikin kofi. Ba ka ga haƙori ba, ba ka ga farce ba. Kuma abin da ke hana mutum barci bayan ya kalla, uwar ce da sakatarta, don kowa ya san aike da dare, kowa ya san ranar da babba ya ƙi yarda da tsoron yaro. Ka tuna tatsuniyar dare. Mai ba da ita ba ta taɓa zana maka Dodo ba, murya take sauyawa, ta yi ɗan shiru, kai da kanka ka ƙera naka Dodon daidai da abin da ka fi tsoro. Mukan ce gani ya kori ji. A wannan sana'a gani yakan kori tsoro ma, musamman in abin da za ka nuna na roba ne.

Ɓangaren binciken kisa ba zan daɗe a kai ba, don darasinsa ya fi sauƙi. Jeri ake yi: jami'in bincike ɗaya, 'yan wasa ɗaya, ɗakuna ɗaya, sai a sauya gawa da mai laifi. Mafi inganci su ne na Sherlock Holmes da Basil Rathbone da Nigel Bruce suka yi, guda 14 daga 1939 zuwa 1946, biyu a Fox, sha biyu a Universal. Universal ta ɗauko labarin daga zamanin keken doki ta kawo shi zamanin yaƙin duniya na biyu, ta huta da ɗinka tufafin da. Roy William Neill ne ya ba da umarnin sha ɗaya daga ciki, mutum ne da ya san hazo da inuwa, kuma The Scarlet Claw na 1944 ya isa ka gane hakan.

Akwai kuma abin da ba zan rufe maka ba. Charlie Chan ɗan sandan ciki ne Basine na Honolulu, amma Warner Oland ɗan Suwidin ne ya taka shi sau 16 a Fox, bayan rasuwarsa a 1938 Sidney Toler ya karɓa, ya kuma kai jerin Monogram a 1944 inda kasafin ya ragu ƙwarai. Peter Lorre ya yi Mr. Moto ɗan Japan sau takwas, Karloff ya yi Mr. Wong sau biyar. Duk Turawa ne aka ja musu ido da kwalliya, alhali ga Keye Luke, Basine na gaske, yana tsaye a gefe a matsayin ɗan Chan. Sau ɗaya Monogram ta ba shi jagorancin jerin Wong, a 1940. Baƙaƙen fata kuwa direba ne, bara ne, mai zare ido in an ambaci fatalwa. Mantan Moreland, haifaffen Louisiana a 1902, shi ya fi shahara a wannan matsayi. Ka kalli King of the Zombies na 1941 za ka ji abu biyu a lokaci ɗaya. Za ka ji haushin matsayin da aka ba shi, za ka kuma ga cewa shi ne ya fi kowa a fim ɗin iya wasa, shi ya fara gane gaskiyar abin da ke faruwa a gidan, kuma duk fitowar da babu shi a mace take. Bayan yaƙi, da ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata suka tashi a kan irin waɗannan matsayi, aikinsa ya ƙafe, masu kamfanonin da suka rubuta matsayin kuwa suka ci gaba da harkarsu. Lewton a nan ma ya bambanta. A I Walked with a Zombie na 1943, a tsakar gidan masu gonar rake an kafa gunkin da aka ciro daga goshin jirgin da ya kawo bayi tsibirin, kuma fim ɗin bai bar mai kallo ya manta da shi ba.

Mutum ɗaya kuma da ba na iya wuce shi, Rondo Hatton. Ɗan jarida ne a Tampa, tsohon sojan yaƙin duniya na ɗaya, ya kamu da ciwon akromegali, wanda ke sa ƙasusuwan fuska da hannuwa su yi ta girma. Universal ta sa shi a mai karya bayan mutane a The Pearl of Death na 1944, ta riƙa tallarsa a matsayin dodon da ba ya buƙatar kwalliya. Ciwon ne ya kai shi ga bugun zuciyar da ya kashe shi a Fabrairun 1946, kafin fina-finansa biyu na ƙarshe su fito, kuma kamfanin ya sayar wa PRC na ƙarshen. Wannan ma tsimin kuɗi ne, irin wanda ba na so ka koya. Ranar da wani ya ce maka ga mai lalura can a unguwa, fuskarsa za ta yi maka aikin dodo kyauta, ka tuna da Hatton.

Dalilin da ya sa ka same su a banza a intanet kuwa, dokar Amurka ta wancan lokaci ta ce sai an sabunta haƙƙin mallakar fim bayan shekara 28. Kafin lokacin ya cika da yawan ƙananan kamfanonin sun watse. PRC ta narke cikin Eagle-Lion a 1947, Monogram ta koma Allied Artists a 1953, ita kanta kasuwar B ta fara mutuwa bayan hukuncin kotun ƙoli na 1948 da ya raba manyan kamfanoni da gidajen kallonsu ya kuma hana su tilasta sayen fina-finai a dunƙule. Fina-finai da yawa ba a sabunta su ba, suka zama na kowa. Illar ita ce abin da ke yawo kwafin kwafin kwafi ne, baƙin ya zama laka, sautin ya zama hayaniya. Fim ɗin da duk ƙarfinsa a duhu da shiru yake, in aka lalata masa waɗannan biyun me ya rage? Saboda haka ka nemi wanda aka gyara. Na Lewton suna da mai su har yanzu, sai ka saya ko ka yi haya, kuma sun cancanci kuɗin. Kada ka kalla a waya da rana tsaka ana hira a kanka. Ka bari dare ya yi, ka kashe fitila, ka sa abin kunne.

Ka fara da Cat People, ka bi da The Leopard Man. Fitowar yarinyar da garin masara ka kalle ta sau uku, sau ɗaya yadda take, sau ɗaya ka kashe sauti ka ƙirga yankan hoto, sau ɗaya ka rufe ido ka saurara kawai. Daga nan White Zombie da The Devil Bat saboda Lugosi, sai Detour na 1945, wanda Edgar Ulmer ya yi wa PRC da mota ɗaya, ɗakuna biyu uku, da hazon da ya tsaya a madadin birnin New York, kuma a 1992 aka sa shi cikin fina-finan da ɗakin karatu na majalisar Amurka ke adanawa.

Ka ajiye The Body Snatcher na 1945 a ƙarshe. Robert Wise ne ya ba da umarni, labarin a Edinburgh yake a 1831, Karloff ya fito a mai keken doki da ke sato gawawwaki yana sayar wa likita mai koyar da ɗalibai. Shi ne karo na ƙarshe da ya haɗu da Lugosi a fim. Lugosi bara ne a gidan likitan, ya gano sirrin, ya zo neman toshiyar baki. Karloff ya zaunar da shi kusa da murhu, ya zuba masa abin sha, ya ba shi kuɗin ba musu, yana yi masa hira mai daɗi har ya kai hannu fuskarsa. Ka dubi yadda tsofaffin nan biyu ke sauraren juna. Kafin wannan kuma akwai wata yarinya mai bara da waƙa. An tsare maƙabartu, gawa ta yi wuya, likita na buƙata. Yarinyar ta bi titi da dare tana rera waƙarta ta shige wani dogon soro mai duhu, keken dokin ya bi bayanta a hankali har shi ma duhun ya haɗiye shi. Kyamara na nan inda take, ba ta matsa ba, ba a yanka ba. Muna jin waƙar da takun kofato daga ciki, sai waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Ka riƙe agogo ka ƙirga daƙiƙa nawa aka bar ka kana kallon bakin soron nan babu kowa a cikinsa, sannan ka zagaya unguwarku da dare ka nemo soron da za ka gwada naka.